Suna a Waya, Faɗa-a-ji a Gari: Ina Ƙarfin 'Yan Soshiyal Midiya Ya Tsaya a Kudancin Jigawa?

A watan Yunin 2022 wani ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke Dutse ya saka hoton Aisha Buhari, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, a Twitter. A ƙarƙashin hoton ya rubuta jimla ɗaya tak da Hausa, yana gugar zana cewa an ci kuɗin talakawa an ƙoshi. Ƙura ba ta tashi ba sai bayan wata biyar, a Nuwamba, da jami'an tsaro suka ɗauke shi daga Dutse suka kai shi Abuja, aka gurfanar da shi a kotu, aka tura shi gidan yarin Suleja. Daga ranar jimlar ta zaga ƙasa. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NANS, ta sa ranar fita zanga-zanga, Amnesty International ta yi magana, lauyoyi suka tsaya masa, gidajen rediyo suka ɗauka. A ranar 2 ga Disamba aka janye ƙarar.

Wa ya fitar da yaron nan? Masu riƙe da waya za su ce su ne, kuma suna da rabonsu na gaskiya, domin da ba a yi ta yayata maganar dare da rana ba, da ƙila har yau yana jiran ranar zaman kotu. To amma hayaniyar ba ta zama barazana ba sai da ta shiga hannun waɗanda ke iya cika titi da mutane, da waɗanda ke iya tsayawa gaban alƙali, ana kuma saura wata uku a yi babban zaɓe. Shi kansa ɗalibin ba shahararre ba ne kafin a kama shi. Kamun ne ya yi masa suna.

Wannan ita ce tambayar da ke damuna duk lokacin da na ji ana kiran wani matashi da "mai faɗa-a-ji a kafafen sada zumunta" saboda kawai yana da mabiya dubu ɗari biyu. A ji shi, na yarda. A yi abin da ya faɗa, wannan wata magana ce daban. Kuma babu inda bambancin ya fi fitowa fili kamar garuruwan da ke nesa da inda ake ƙirƙirar hayaniyar, irin su Unguwar Ya a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, ko Basirka da Farin Dutse a Gwaram.

Yadda magana ke isa ƙauye

Wanda ke zaune a Abuja ko Kaduna yana rubutu yana ɗauka cewa kowa na karantawa kai tsaye daga shafinsa. A yankin nan ba haka abin yake tafiya ba. Manomin riɗi ko gero a Kantoga ko Sundimina yana iya mallakar waya, amma sau da yawa ƙaramar nan ce ta kira da sauraren rediyo. Babbar waya tana hannun ɗansa ko ƙanensa, ita ma data ba kullum ba, balle tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Wuta kuwa sai a shagon caji. A shagon ne ake tura wa juna bidiyo ba tare da an taɓa data ba: wa'azi, waƙar siyasa, fassarar fim ɗin Indiya, barkwancin 'yan TikTok, duk a kati ɗaya.

Saboda haka kafin rubutun wani shahararre ya kai kunnen magidanci a Unguwar Ya, ya bi ta hannu uku ko huɗu. Wani ya ɗauki hotonsa ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan gari, wani ya mayar da shi saƙon murya, wani ya kawo shi majalisa bayan la'asar yana cewa "an ce". A wannan tafiyar sunan marubucin ne ke fara faɗuwa a hanya. Abin da ke isa shi ne maganar, kuma nauyinta a majalisa nauyin wanda ya kawo ta ne. In malamin firamare ne da aka san ba ya ƙarya, an karɓa. In yaron nan ne da aka san ɗan siyasa ke saka masa data, sai a yi murmushi a ci gaba da hirar taki.

Rediyo kuma har yanzu shi ne babban mai tacewa. Sashen Hausa na BBC yana nan tun 1957, Freedom Radio ta fara a Kano a 2003 ta kuma buɗe tasha a Dutse, ga gidan rediyon jihar Jigawa. Sau da yawa magana kan kwana biyu tana tafasa a Facebook, amma a ƙauye ba ta zama labari sai an ji ta a shirin safe ko na dare. Da gwamnatin Buhari ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, 'yan boko a birane sun yi ta kuka, kuma da gaskiyarsu, har kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. Amma a ganina kasuwar Sara da ta Babaldu ba su ji a jikinsu ba. Kwatanta wannan da katse layukan waya gaba ɗaya da aka yi a Zamfara a Satumbar 2021, inda mutum ba ya iya kiran ɗan'uwansa, mai POS ba ya iya biyan kowa. Can ne aka ga abin da talaka ya dogara da shi a waya.

Abin da akwatin zaɓe ya nuna

Zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 ya ba da awo mai kyau. Duk wanda ya bi Twitter a shekarar ya san babu ɗan takarar da magoya bayansa suka cika wuri kamar Peter Obi na jam'iyyar Labour. A faɗin jihar Jigawa, ƙananan hukumomi 27, ƙuri'unsa ba su kai 2,000 ba. Bola Tinubu ne ya ci jihar, Atiku Abubakar na biye da shi kusa-kusa.

Abin da ya fi jan hankalina ma shi ne yadda mutanen kudancin jihar suka rarraba ƙuri'arsu a rana ɗaya. Kujerar sanatan Jigawa ta Kudu maso Yamma, wadda ta haɗa Birnin Kudu da Gwaram da Buji da Dutse, PDP ce ta ɗauka ta hannun Mustapha Khabeeb. Gwaram kuwa ta tura Yusuf Shitu Galambi majalisar wakilai a ƙarƙashin NNPP. Bayan mako uku Umar Namadi na APC ya kayar da Mustapha Sule Lamido a takarar gwamna. Jam'iyyu uku ke nan a yanki ɗaya. Babu wani mai shafi a intanet da ya tsara wannan. Abin da ya tsara shi shi ne wa ya zo jana'izar wane, wa ya kai wane asibitin tarayya na Birnin Kudu ya biya kuɗin aiki, wa ya samo wa ɗan wane takardar ɗaukar aiki, wace unguwa ce aka hana kujerar kansila ta riƙe abin a zuci.

Sule Lamido misali ne mai amfani a nan. Tsohon gwamnan, wanda ya mulki Jigawa daga 2007 zuwa 2015, yana cikin dattawan siyasar da ke rubutu a Facebook, kuma jaridu kan ɗauki abin da ya rubuta. Amma ba wanda zai ce Facebook ne ya sa ake jin maganarsa a Birnin Kudu. Ana jin ta ne saboda shekara arba'in da ɗoriya ta siyasa tun zamanin PRP, saboda gidansa na Bamaina da mutane ke zuwa da ƙafarsu. Shafin nasa lasifika ce kawai aka ɗora wa muryar da ta riga ta yi ƙarfi.

A Kano an ga ɗaya gefen. Salihu Tanko Yakasai, wanda aka fi sani da Dawisu, yana cikin 'yan Arewa mafiya suna a Twitter. Sukar da ya yi wa gwamnatin Buhari ta sa Gwamna Abdullahi Ganduje ya dakatar da shi daga muƙamin da yake riƙe da shi a gwamnatin jihar a 2020, ya kuma sallame shi a Fabrairun 2021, hukumar DSS ta tsare shi. Ya nuna jarumta, kuma ya samu yabo daga ko'ina. Da ya tsaya takarar gwamna a PRP a 2023, a zaɓen da Abba Kabir Yusuf ya haura ƙuri'a miliyan ɗaya, nasa ba su wuce 'yan dubbai ba. Masu danna masa alamar so suna Legas da Abuja da Landan, katin zaɓensu ba na Kano ba ne, wasunsu ma ba su da shi.

Inda ƙarfin yake na gaske

Duk da haka, wanda ya ce aikin 'yan soshiyal midiya hayaniya ce kawai bai yi adalci ba. Akwai inda suke cizo, kuma cizon na barin tabo.

A Oktobar 2018 Jaafar Jaafar, mai jaridar intanet ta Daily Nigerian, ya saki bidiyon da ke nuna Gwamna Abdullahi Ganduje yana karɓar bandir-bandir na daloli yana cusawa a aljihun babbar riga. Gwamnan ya musanta, ya kai ƙara, kotu ta tsayar da binciken da majalisar dokokin jihar ta fara. Bidiyon nan kam ya isa ƙauye, domin ba ya buƙatar karatu, ido kawai yake so. A zaɓen Maris na 2019 sai da aka ce zaɓen Kano bai kammala ba, abokin takararsa Abba na gaba, kafin Ganduje ya tsallake a zagaye na biyu. Za a iya cewa bidiyon bai kayar da shi ba, har ma ya zama shugaban APC na ƙasa a 2023. Za a kuma iya cewa ya bi shi har yau, ya manna masa laƙabin da bai goge ba. Shi kuwa Jaafar a 2021 ya bar ƙasar zuwa Ingila yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari.

Kisan Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a Kano a ƙarshen 2021, ya tashi hankalin kowa da aka gano gawarta a Janairun 2022. Kukan da aka yi a intanet ya hana a yi wa shari'ar jan ƙafar da aka saba, a watan Yulin shekarar kotu ta yanke wa mai makarantar, Abdulmalik Tanko, hukuncin kisa. Haka a ranar 1 ga Nuwambar 2024, da aka gurfanar da yara ƙanana a babbar kotun tarayya ta Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi don yunwa da wahala. Hotunan ƙasusuwan haƙarƙarinsu suka cika wayoyi. Cikin kwana uku Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Sun shafe kusan wata uku a tsare, lauyoyi na magana ba mai saurare, sai da aka gan su.

Ita kanta zanga-zangar ta Agustan 2024 a waya aka kira ta, kuma Jigawa ta amsa, har Gwamna Namadi ya sa dokar hana fita. Amnesty International ta lissafa jihar cikin waɗanda aka rasa rayuka. Amma ban yarda cewa kiran ne ya fito da mutane ba. Farashin kwanon masara da na litar fetur bayan cire tallafi a Mayun 2023 su suka fito da su. Masu kiran sun sa rana ne kawai. Da aka fita kuma ba su da ikon cewa a tsaya nan, kar a taɓa can, domin ba su san waɗanda suka fito ba, su ma ba a san su ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro: mutum yana iya tara jama'ar da ba zai iya sallama ba.

Sai Bello Galadanci, Ɗan Bello, da ke zaune a Sin yana fitar da bidiyo cikin Hausa mai daɗin sauraro. Abin da ya bambanta shi da masu zagi shi ne yana ɗora takarda a gaban mai kallo. A Agustan 2024 ya fallasa wata kwangilar sayen magunguna da ta shafi ƙananan hukumomin Kano 44, gwamna ya ce bai san da ita ba, ya umarci hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar ta bincika. Akwai kuma irin su Fauziyya D. Sulaiman, marubuciyar da ta mayar da shafinta na Facebook wurin tara wa marasa lafiya kuɗin magani, tana nuna mara lafiyar, tana dawowa ta faɗi abin da aka tara. Mutane suna tura mata kuɗinsu, kuma a ƙasar nan ba a tura wa mutum kuɗi don ya iya rawa.

In aka jera waɗannan, abu ɗaya ke fitowa. Intanet ta iya ceton mutum ɗaya mai suna da fuska, ta iya kunyata babba ɗaya da aka kama da hujja a hannu. Inda take gajiya shi ne abin da ba shi da fuska kuma yake son a bi shi shekara da shekaru: ajin da ba malami, asibitin ƙauye da ba ungozoma, takin da aka ce an raba. Gobarar tankar mai ta Majiya a ƙaramar hukumar Taura, a Oktobar 2024, ta ci rayuka fiye da 150. An yi mako ana kuka a waya. Tambayar yadda waɗanda suka ƙone suka tsira suke rayuwa a yau ba ta tara masu kallo, saboda haka masu yin ta kaɗan ne.

Wa ke biya?

Dalilin wannan gajeren numfashi ba lalaci ba ne kawai, kuɗi ne. Tun daga tsakiyar 2024 kamfanin Meta ya fara biyan masu shafuka a Najeriya gwargwadon yawan kallon da suke samu. Na'urar da ke lissafin ba ta san gaskiya da ƙarya ba, ba ta san zagi da nasiha ba, adadi kawai take gani. Wanda ya ɗauki mako yana bin diddigin kwangilar rijiyar burtsatse a Fagam zai samu kallo ɗari uku. Wanda ya ƙirƙiri rigima da wata jarumar Kannywood, ko ya taɓo saɓanin Izala da ɗariƙa, zai samu dubu ɗari kafin magariba. Matashin da ba shi da aiki ya san wanda zai zaɓa, kuma ban ga laifinsa shi kaɗai ba.

Ga kuma 'yan data, magadan sojojin baka na gidajen rediyon Kano. Ɗan siyasa ya saya wa yaro waya, yana saka masa data da ɗan abin kashewa, shi kuma aikinsa yabon maigida da zagin abokin hamayya. Gwamnoni sun mayar da abin muƙami: a 2023 gwamnatin Kano ta naɗa gomman matasa masu ba da rahoto a kafafen sada zumunta. Maroƙin da, aƙalla kowa ya san gidan da yake ci, ba ya ɓoyewa. Na yanzu yana rubutu da sunan ra'ayin kansa. A birni wannan na iya ruɗin mutane. A Gwaram, inda aka san mahaifin yaro da wanda ya saya masa babur, ruɗin ba ya nisa, amma yana barin ɓarna: zumunci ya tsinke tsakanin 'yan gida ɗaya a kan wani wanda bai san sunayensu ba.

Shahara zalla ma tana da nata ƙarfin, ko da ba ta gina komai. Kamun da Hisbah ta Kano ta yi wa Murja Ibrahim Kunya a Fabrairun 2024 ya rikiɗe ya zama rikicin gwamnati, har Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin hukumar a farkon Maris bayan gwamna ya soki salon aikinta, kafin malamai su sa baki ya dawo. 'Yar TikTok ɗaya ta girgiza hukuma guda. Bayan ƙurar ta lafa, ba makarantar da ta ƙaru, ba dokar da ta gyaru.

Kuma kada a manta da abin da masu faɗin gaskiya ke biya. A Nuwambar 2022 wata kotu a Kano ta sa an yi wa matasa biyu bulala ashirin-ashirin, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon barkwanci kan Ganduje. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sandar da ake kama masu suka da ita, ko bayan gyaran da aka yi masa a 2024. Abubakar Idris Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma kuma mai zafin suka a Twitter, wasu mutane suka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Barnawa, Kaduna, a farkon Agustan 2019. Har yau iyalinsa na jira. Duk matashin da ke tunanin taɓa shugaban ƙaramar hukumarsa ya san waɗannan labaran, kuma ya san shi ba ya Sin, ba ya Ingila. Gobe da safe zai haɗu da mutumin a masallaci, ƙila ma surukin yayansa ne.

Wannan kusancin shi ke sa aikin ya yi wuya a Birnin Kudu da Gwaram, shi ne kuma ke sa maganar ɗan gari ta fi ta baƙo kaifi. Matashin Unguwar Ya da ya ɗauki hoton rufin ajin da iska ta yaye, ya rubuta ranar, ya koma bayan wata uku ya sake ɗauka, ya sake komawa bayan damina, mabiyansa ba za su wuce ɗari biyar ba. Amma a cikin ɗari biyar ɗin akwai kansila, akwai sakataren ilimi, akwai ɗan dagaci, akwai wakilin gidan rediyo a Dutse. Kayan aikin ma suna nan. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma daga asusun tarayya, har da Birnin Kudu da Gwaram, ana wallafa shi wata-wata, duk mai waya yana iya dubawa. Da wuya ka ga an juya waɗannan alƙaluma zuwa Hausa an karanta su a saƙon murya na minti biyu, an jefa a zauren 'yan gari, an tambayi shugaban ƙaramar hukuma da ladabi: ranka ya daɗe, na watan jiya me aka yi da su?